Tunkiya Ta Ashirin Da Uku

Jiya da la'asar ƙanwata Balkisa ta juyo mini fuskar waya,
ta ce, Yaya Tasi'u, duba:
ɗari huɗu da goma sha bakwai.
Na ce, jikka ko dala?
Ta yi dariya har gilashi ya zame mata kan hanci.
Ta ce, ambato ne.
Sau nawa ke nan masana suka kira sunana a takardunsu,
a garuruwan da ban taɓa shan ruwansu ba.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, a kwatar Damagaram.
Ambaton da na sani, maroƙi ya kira ka,
ka laluba aljihu.
Waɗannan sun kira ki, ko tsinken tsire ba su nema.

Amma na tuna mafarin abin.
Wata Alhamis Agali ya jawo tunkiya daga hanyar Tanut,
tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ruwa a busasshiyar ƙasa,
tana lasar iska.
Ta sami dutsen bayan kwata ta yi ta goga kwiɓi
har gashi ya ƙare, fata ta yi ja.
Ba zazzaɓi, ba tsutsa, ba kaska.
Na wasa wuƙa, ina lissafin riba,
kika ce, ba ni kan, ka binne sauran.
Na binne kuɗina a rami, ina ƙunƙuni.

Kin ce mini ba ƙwayar cuta ba ce.
Ba ya numfashi, ba ya haihuwa,
tafasa ba ta kashe shi.
Furotin ne na gida, ɗan ƙwaƙwalwarta,
ya naɗe a karkace,
ya jingina da na kusa, shi ma ya karkace,
kamar fatun da baduku ya jibge a Birni:
ta sama ta yi mugun ninki,
na ƙasa duk su kwana da shi.
Firiyon, kika kira shi.
Na leƙa madubinki, na ga ƙwaƙwalwa
ta zama soson wanka, huda kan huda.

A bazarar nan wuta ta ɗauke kwana uku.
Ni na riƙa ɗauko ƙanƙara wajen Habsu mai lemo a Zango,
buhu na ɗiga a bayan babur,
a garin da ake sayen ruwa da jarka,
don kada kan mushe ya narke.
Mutane suka ce boko ya taɓa gidanmu.

To, na ce mata, ashe ambato ma haka yake yawo,
ɗaya ya rubuta, na kusa ya jingina,
shi ma ya ɗauki naɗin.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, shi ya sa nake sake awo sau uku kafin in sa hannu.
In na karkace, ɗari huɗu za su karkace.

Na ce, bayan duk wannan kira, an sami magani?
Ta kife wayar a kan tabarma.
Ta ce, tukuna.

A takardar sunana na can ƙarshe,
ƙanana kamar kiyashi, wajen godiya.
Na Agali babu.
Tunkiyar kuwa, samfuri na ashirin da uku.
Tamallat yake kiranta,
ya ce ita ke shiga gaba in garke ya doshi rijiya.

Muna cin tuwo wayar ta yi ƙara:
sha takwas.
Wani ne can, inda gari bai waye ba.

Yau da asuba a kwata
wani rago ya kai kafaɗa jikin dutse.
Na aje wuƙa.
Na tsaya ina ƙirga sau nawa.