Kilo Biyu a Lawanti

Da asuba na bar Jekadafari,
jaka a baya, jaka a kafaɗa,
mai ƙafa uku rungume a ƙirji
kamar mai kai ɗan'uwa asibiti.
Direba ya ce, "Malam, bindiga ce?"
Na ce, "Tana harbi, amma ba ta kisa."

A Lawanti sikeli ne mai gari.
Ba ya gaisuwa, ba ya tambayar mutan gida,
bai san ɗan wane ba, bai san alfarma ba.
Na ɗora jakar hannu,
ya ƙifta jan idonsa:
tara.

"Bakwai aka yarda," in ji Rifkatu,
biro a hannu, idonta kan layi.
"Ko ka rage, ko ta bi ƙasa da sauran kaya."

Ƙasa?
Na taɓa leƙen masu lodi ta taga,
yadda ake wurga buhun masara a Tudun Hatsi
haka suke yi da akwatin mutane.
Gilashin da ya cinye mini maruƙa biyu
ba zai kwana ƙarƙashin katan ɗin wani ba.

"Batir kuwa," ta ce, "ba ya sauka ƙasa.
Mai zuciya ne, yakan tashi da wuta."
To ga shari'a:
mai nauyi ba ya hawa,
mai fushi ba ya sauka,
ni kuma duka biyun nake kiwo.

Na durƙusa na zazzage cikina a bainar jama'a.
Wani mai tsadadden agogo a bayana
yana tsaki kamar ana soya ƙosai.
Ga dogon idon da ya kamo masunci
yana jefa birgi a Dadin Kowa,
ga mai faɗin da ya haɗiye duwatsun Tula bai ƙware ba,
ga 'yan katuna kamar farce,
amare ɗari uku a ciki da dangin ango,
sikeli bai ko ji su ba.

Can ƙasa, naɗe cikin tsohuwar hula,
kyamarar Baba.
Baƙin ƙarfe, mai cin fim,
shekara goma sha biyu ba ta ƙifta ba.

"Tana aiki?"
"A'a."
"To don me?"
Na buɗe baki, ban sami kilo nawa zan ce ba.

Ta juya ta, ta bi rubutun igiya da yatsa:
Bappah Manu Mai Hoto, Sabon Layi.
Sai biro ya tsaya.
"A falonmu a Kaltungo akwai hoton auren iyayena,
wannan sunan ne a bayansa.
Babana ya rufe ido ɗaya."
Na ce, "Baba ba ya maimaitawa. Fim da tsada."
Ta yi dariya, har mai agogo ya ɗago kai.

Ta dubi takarda, ta dubi sikeli,
ta gyara zaman kujera.
"Doka ta ce a auna jaka.
Ban ga inda ta ce a auna wuya ba."

Na rataya Baba.
Na cusa batura a aljihun kaftani, dama da hagu,
na zama kamar jakin da aka yi wa mangala.
Mai ƙafa uku ta tafi ƙasa ita kaɗai,
na yi mata addu'ar matafiya.
Sikeli ya ce bakwai da ɗigo,
Rifkatu ta ga bakwai.

Da muka tashi, Gombe ta kwanta cikin kwarinta,
rufin kwano na walƙiya kamar tsabar da aka zubar.
Igiyar tana cin wuyana
daidai inda ta bar wa Baba kanta.
Na ɗaga ta saitin taga, na danna.
Ba ta ce komai ba.
Yaron da ke gefena ya ce, "Kawu, ya fita?"
Na ce, "Sai an wanke."