Kilo Huɗu

A Bunaken, bayan coci, akwai rumfar Yance Wowor,
inda rigunan nutso ke rataye kamar jemagu
suna ɗigar da gishiri a kan siminti.
Can na kai kayan babana cikin buhun shinkafa:
farantin ƙarfe na goyon tulun iska,
da baƙin maɗaurinsa da rana ta koɗar,
da dalma kilo shida, curi-curi.

Na ce, "Da waɗannan zan shiga."
Tsohon bai ce uffan ba, ya aza mini.
Farantin ya zarce ƙuguna,
na ɗaga kai, ya ƙwale ni a ƙeya.
"Femmy," in ji shi, "Hengki dogo ne kamar kwakwa.
Kayan aro ba ya rufe katara,
na gado kuwa har ƙasa yake ja."

Sai ya sauko da wata sabuwa dal, ruwan hoda,
aljihu nan, aljihu can,
kuɗinta albashin wata uku.
Na zura, ya danna mata iska,
ta rungume ni rungumar mai bin bashi,
haƙarƙarina ya ce wayyo.
A bakin gaɓa ta tsai da ni kyam kamar kwalba,
da na kifa, ta haye mini har kunnuwa.
Na so ta duk da haka. Kyau ba ya barin ido.
Ya ce, "Kifi bai san launin rigarki ba."

Ta uku ba ta da abin nunawa:
salka ce kawai mai kwana a gadon baya,
fiffike suke ce mata,
da ƙaramin faranti marar nauyi.
Ba maɗauri.
Ya dubi na babana, ya dube ni,
ya zaro almakashi.

Ban hana shi ba, amma na juya baya.
Na ji ƙarar yankan har cikin haƙora.
Kamu biyu ya rage daga kafaɗa,
ya ƙone bakin da ashana kada ya warware,
ya zura ragowar ta kafofin sabon faranti
da zobban nan uku da yatsan Baba ya goge.
Ya ja ta tsakanin cinyoyi, ya ɗaure a cibiya.
"Sa yatsu biyu nan. Sun shige?
To, ba ta matse ba, ba ta yi sako-sako ba."

Da la'asar Nofri ya tuƙa mu bakin garu,
inda murjani ke yankewa, shuɗi ya fara.
"Fitar da iskar duka. Riƙe numfashi."
Na tafi ƙasa kamar anga.
Ya cafko ni, ya zare curi ɗaya.
Na sake. Ya zare wani.
Sai a na huɗu ruwa ya tsaya mini daidai ido,
na huce, ya rufe kaina a hankali
kamar mai lulluɓe yaro.

Tsakanin nutsewa da natsuwa
ashe numfashi ɗaya ne.
In na shaƙa, in ɗaga taki guda,
in na fesar, in sauka.
Hannuwa harɗe, ƙafa ba ta taɓa komai ba.
Wata kififiya ta zo wucewa,
ta harare ni, ba ta ko kauce ba.

Iya ruwa fidda kai, haka ake faɗa.
Ni iya tsayawa na zo koyo,
ba ta sama, ba ta ƙasa.

Da muka fito, dutsen Manado Tua ya sha inuwa.
Cure-curen nan huɗu na kwance a cikin kwalekwale.
Yance ya ce, "Nawa za ki sayar?"
Na ce ba na sayarwa ba ne.
Suna gida yanzu, suna tokare ƙofa
in iskar yamma ta taso.