Katin Zinare a Gujungu

Sai da na biya kwana sittin kafin su ba ni shi,
baƙin kati mai zanen zinare a gefe.
In na ɗora shi kan kanta a birni
mai karɓar baƙi takan gyara murya,
a hau da ni hawa na bakwai,
karin kumallo kyauta, in fita sadda na ga dama.

Daren Lahadi mota ta mace min a Gujungu,
fambel ya tsinke, bakanike ya ce sai gobe.
Aka nuna min gidan Fatoma Ɗanjummai
inda masu sayen riɗi suke sauka.

Na ciro walat, ban san me ya sa ba.
Tsohon ya haska katin da tocila,
ya juya bayansa, ya ce, "Na wace jam'iyya ne?"
Ya ba ni tabarma a zaure
tsakanin buhun gero da wani mai minshari.

Can sai ga Barmo, bafataken awaki,
takalminsa ɗaya ɗaure da leda.
Ba wanda ya tambayi sunansa.
Yaro ya ruga ya buɗe ɗakin da ke kallon darbejiya,
uwargida ta aiko da fura ba sukari,
ta san ciwonsa tun bara waccan.
Har butarsa daban take, mai tsagaggen baki,
an ɓoye masa ita bayan randa.

Na ce, "Baba, kwana nawa ake yi a sami wancan ɗakin?"
Ya ce, "Ban taɓa ƙirgawa ba.
Shekarar da ruwa ya ci mana katanga
shi ya kwaɓa ƙasa har ƙafarsa ta tsage.
Ran da na binne ɗana, yana riƙe da makara."

Nawa kuwa zai mutu ƙarshen Disamba
in ban sake cika sittin ba.

Sauro ya yi min hidima har asuba.
Da safe lakar kasuwa ta kama min takalmi,
na nemi tsinke ban samu ba.
Katin yana da kaifi a gefe,
ya kankare ta tas.