Wayar Gambo

Ƙarfe biyun dare a Yaba,
janareta na tari, ni ma haka.
Saƙon Gambo mai albasa ya shigo:
"Manhajarku ta haɗiye sunayen waɗanda nake bi bashi.
Allo fari fat."

Wace waya ce?
"Ta shekarar da aka yaye Lantana."
Masu ƙera ta sun daina waiwayarta.

Folake ta ce, ya sayi sabuwa mana.
Da me? Kuɗinsa na cikin farin allon.

A tawa wayar komai lafiya lau,
amma ba tawa ce ke kuka ba.

Da asuba na hau danfo zuwa Ikeja,
na sayo irin tasa, mai tsagaggen gilashi.
Yanzu kullum ita nake fara gaisarwa.