Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

Daga bakin ruwa zuwa ƙofar gidanmu
matakala ɗari da goma sha bakwai ne.
Shekara arba'in ina hawa ban sani ba.
Millaray ce ta faɗa mini,
tana 'yar shekara goma sha ɗaya,
ƙasa-ƙasa, kamar mai amsa laifi.

Valparaíso gari ne da aka jingina da tudu,
kowane gida ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa yana leƙen teku.
Wanda ya ƙi hawa a nan sai ya bar gari.
'Yata ba ta ƙi ba.

In wani ya gaishe ta, lissafi ya zube,
sai ta koma ƙasa ta faro.
In ta ƙare da ƙafar hagu,
ta koma ƙasa ta faro.
Wata Talata sau shida ta hau,
har romon kifin da kakarta Eduvigis ta dafa ya daskare.
Na tsaya a ƙofa na daka mata tsawa,
karnukan unguwa suka amsa.
Har yau tsawar nan tana maƙale a wuyana.

Da dare ta ce, "Baba,
in na kuskure ɗaya, kwale-kwalenka zai kife.
Na san ba gaskiya ba ne. Na sani.
Amma ƙirjina ba ya jin abin da na sani."

Ashe duk ranar da na dawo da rai,
a ganinta ƙafafunta ne suka fanshe ni.

Likita Ilabaca, mai tabarau ɗaure da zare,
ba ta ce taurin kai ba ne, ba ta ce shagwaɓa ba.
Ta ce ciwo ne, kuma yara da yawa na ɗauke da shi a ɓoye.
Tunani ya shigo ba sallama, ya firgita yaro,
sannan ya sayar masa da kwanciyar hankali ta minti ɗaya
a kan yini guda.
Ta ce wa Millaray, "Raɗa masa suna."
Yarinyar ta yi shiru, ta ce, "Mai Haraji."

"To, ba da sanda za mu kore shi ba,
daina biyansa za mu yi."
Makon farko, matakala biyar ba ƙirge.
A tsaya nan, a bar tsoro ya cika
ya janye da kansa, kamar ruwan teku.

Ni ma an yanka mini nawa aikin.
In ta ce, "Baba, ba abin da zai same ka, ko?"
kada in rantse mata.
In ce, "Wannan tambayar Mai Haraji ce."
Na faɗa. Ta yi kuka.
Na zagaya wajen komar da na shanya na yi nawa.

Bayan wata uku likita ta ƙara ƙwaya ɗaya
kowace safiya, gefen kofin shayi.
Biyar ta zama ashirin, ashirin ta zama sittin.
Sai ga guguwar Yuli, teku ta yi fushi,
wani jirgin maƙwabta ya kwana bai dawo ba,
ƙirge ya dawo mana har da ribarsa.
Muka koma biyar.

Jiya ina tafe da kwandon kifi a kafaɗa
na hango ta gabana ita da Maite,
suna gulmar malamin lissafi,
tana tsallake biyu-biyu.
A tsakiya ta tsaya cak, ƙafa a sama,
leɓɓanta suka motsa.
Na riƙe numfashi.
Ta gyara jakarta, ta ce, "Ina muka tsaya da zancen?"
ta wuce.

Ni ne a baya na kama kaina ina ƙirgawa.
Ɗari da goma sha shida na samu.
Ban koma ƙasa ba, kifin da nauyi.