Awon Hayaƙi

A Kwalkwalawa, bakin gulbi,
Inna Dudu ke bandar kifi,
ni ke riƙe mata mafici.
Tarinta ke tashinmu kafin ladan.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina tambayar wuta abin da ta ci
da abin da ta tauna ta tofar.
A Dundaye, bisa rufin ɗakin gwaji,
na ɗana wa iska tarko:
farar takarda da hantsi,
kafin la'asar ta zama gindin tukunya.

Na auna numfashin janareta,
na salansar kabu-kabu,
na bagaruwa ɗanya da busasshiya.
Sau biyu aka hana ni kuɗin bincike.
Sau ɗaya ɓera ya cinye wayar ma'auni.

Yau na san sunan abin da ya kwanta a ƙirjinta,
har nauyinsa na sani.
Sanin ne ya makara.

Jiya ɗalibata Tumba
ta kai sabon murhu bakin gulbi.
Matan suka leƙa cikinsa, suka ce,
"Dakta, in ba hayaƙi,
wa zai sayi kifin?"

Na buɗe littafina.
Na rubuta tambayar.