Tumbin da Aka Binne a Lamjung

A Lamjung, bayan garken ɓauna,
an binne tumbin siminti,
ba taga, ba kafar iska.
Kowace safiya Phulmaya na ɗura masa
kashin ɓauna da ɓawon dankali,
damamme, ruwa-ruwa.

Ma'aikatan ciki ido bai san su ba.
A duhu suke ci, su yi gyatsa,
gyatsar ta bi bututu
ta fito shuɗiyar wuta ƙarƙashin tukunyar shayi.

Sai sanyi ya gangaro daga duwatsu.
Wuta ta rame, har ta kasa tsayuwa.
Dipendra ya hauro daga jami'a,
takalmansa duk laka,
ya tsugunna, ya zura ma'aunin zafi,
ya rubuta: sha huɗu.
"Barci suke," in ji shi. "Da sauran rai."

Suka lulluɓe tumbin da karan shinkafa,
suka riƙa damu da ruwan da ya sha rana.
Kwana tara, shiru kake ji.

Ran na goma ta ƙyasta ashana.
Bai gama lissafi ba ta ce,
"Janye littafin nan, yaro,
nan ne wurin tukunya."